Tabarau, kyamarar zuƙowa ko dogon lensi: me mai kallon tsuntsaye a Yankari zai fara saya?

Duk wanda sha'awar kallon tsuntsaye da namun daji ta kama a ƙasar Bauchi ko Gombe, ba ya daɗewa sai maganar kaya ta taso masa. Ya je Yankari ko Sumu, ya ga burtu yana takawa cikin ciyawa, ko gwanki ya tsaya yana kallon mota, ya ɗaga waya ya ɗauka, ya dawo gida ya buɗe hoton ya tarar da baƙin ɗigo a tsakiyar daji. Daga nan sai neman shawara. Wannan ya ce ya sayi kyamarar nan mai zuƙo watan da ke sama, wancan ya ce in ba dogon lensi irin na 'yan jarida ba asarar kuɗi ce, na uku ya ce ya haƙura ya tara kuɗin sabuwar da ke gane idon tsuntsu da kanta. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai aljihun na mutum ɗaya ne, kuma yawancinmu in muka yi wannan sayayya sau ɗaya, sai an jima kafin a sake.

Zaɓi huɗu ne a gaban mai son shiga harkar: tabaron hangen nesa haɗe da wayar da ke aljihunsa, kyamarar zuƙowa wadda lensinta ke manne ba a cirewa, kyamarar DSLR ta hannu (babbar kyamarar nan mai madubi a ciki da ake cire lensinta a sauya) da dogon lensi, sai sababbin kyamarori marasa madubi, waɗanda su ma ana sauya musu lensi. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sai mun daidaita a kan ma'aunin da za mu gwada su da shi, domin kayan da ya yi wa Bature aiki a bakin tafkin ƙasarsu ba lalle ne ya jure hanyar Mainamaji, ƙofar shiga Yankari, zuwa sansanin Wikki a watan Janairu ba. Farashin da zan ambata na dala ne, kuma na lokacin da kayan suka fito kasuwa, tunda na naira canji yake bi, abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka tarar jibi ba.

Abin da dajinmu ke nema a wurin kaya

Nisa ne kan gaba. Faɗin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma ba a kutsa cikinsa a ƙafa yadda aka ga dama. A mota ake zagayawa da kai tare da jagora, inda hanya ta tsaya nan kai ma za ka tsaya. Giwa da ɓauna ko daga nesa suna cika hoto. Tsuntsu fa? Dajin yana da nau'in tsuntsaye sama da 350, da yawansu ba su kai kurciya girma ba. In ka koma bakin ruwa, kamar madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, ko Gubi kusa da garin Bauchi, ko tafkin Maladumba a ƙasar Misau, nisan ya zarce haka, domin dinya da kirinjijiya sun sha harbi, sun san ɗan Adam, can tsakiyar ruwa suke zama. Da milimita ake auna ƙarfin zuƙowa. Abin da bai kai 400 ba na manyan dabbobi ne, tsuntsu kuwa daga 600 ake fara jin daɗinsa.

Sai haske, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa, don suna ganin ƙasarmu ai rana ba ta yankewa. Rana akwai, amma tsuntsu da dabba ba da tsakar rana suke motsi ba. Daga asuba zuwa hantsi ne, sai kuma la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Wuraren da suka fi albarka, irin kurmin da ke bin kogin Gaji da itatuwan da suka lulluɓe ruwan ɗumi na Wikki, inuwa ce mai duhu. A hunturu hazo yana dusashe komai. A Maris da Afrilu kuwa, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a Gaji don shan ruwa, da hantsi ya ɗaga ƙasa za ta fara tashin kawalwalniya, duk abin da ke nesa ya riƙa rawa a cikin hoto. Babu kyamarar da ke maganin wannan komai tsadarta.

Na uku ƙura da zafi. Daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki tafiyar wajen kilomita 40 ce, hanyoyin zagayen cikin daji kuma turɓaya ce zalla. Kayan da ake yawan buɗewa, ko masu sassan da ke shiga da fita, su ƙura ta fi cuta. Da damina kuma laima ce ke sa fumfuna a cikin gilashi.

Sauran ma'aunan a bayyane suke: nauyi, saurin koyo, kuɗin saye da na bayan saye (batir, mimori, jaka, gyara), da kuma haɗari, wato na cutar dillali, na lalacewar da ba mai gyara a kusa, da na hankalin da kayan ke jawo maka.

Tabaron hangen nesa da waya

Wannan ba kyamara ba ce, amma na sa shi farko da gangan. Kallon tsuntsu da ɗaukar hotonsa sana'a biyu ce, kuma ta farko ita ce uwa. Wanda bai iya gano tsuntsu a cikin ganye ba, bai san wane reshe cilakowa ke komawa ba, bai san cewa carki a sama yana nuna akwai ɓauna ko gwanki a kusa ba, ko an ba shi kyamarar miliyoyi sararin sama zai riƙa ɗauka.

Lambar da za ka nema ita ce 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wannan haɗin yana ba da fili mai faɗi da haske mai kyau a inuwa, kuma rawar hannu ba ta dame shi. Mai 10x42 ya fi dacewa da bakin dam inda komai ke nesa, amma a cikin kurmi ya fi wuyar kamo tsuntsu. Nagari daga Nikon, Celestron ko Vortex, wanda aka toshe shi ruwa da ƙura ba sa shiga, yana kamawa daga dala 100 zuwa 250, nauyinsa gram 600 zuwa 700. Ba ya cin batir, ba ya tsufa da fitowar sabon samfuri, in ba faɗuwa ya yi ba zai yi maka shekara goma yana aiki.

Haɗarinsa a kasuwa yake. Akwai waɗanda ake yawo da su an rubuta 20x50 ko 60x60, gilashin gabansu ja wur ko ruwan lemo. Araha ba ta ado. In za ka gwada tabarau, fito da shi waje. Riƙe shi nesa da fuskarka, ka dubi ƙananan gilasan da ake sa ido: ya kamata ka ga ɗigon haske zagayayye sarai a kowanne. Sannan ka saita shi a kan wayar lantarki mai nisa, ka ɗan ja shi baya daga idonka. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ajiye musu kayansu, domin cikinsa ya goce, kuma minti goma za ka yi da shi kanka ya fara sarawa.

Waya kuwa aikinta rubutu da shaida. Ana iya kanga kyamararta a idon tabarau a ɗauki hoton da zai isa a gane tsuntsu, ko da bai isa a rataye a bango ba. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell kyauta ce, kuma in ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gari tana aiki ba sabis. Masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos ke jagoranta, da manhajar BirdLasser suke shigar da abin da suka gani, kuma ba sa tambayar kowa wace kyamara gare shi. Ɗalibi da tabarau da waya zai iya cike gurbin da ba wanda ya taɓa rubuta tsuntsayensa a Darazo ko Nafaɗa. Ni a ganina wannan ya fi hoto dubu amfani.

Kyamarar zuƙowa mai lensi a manne

Ita ce wadda ake nuna wa mutane bidiyonta tana zuƙo wata. Nikon P900 ta fito a 2015 a kan dala 600, tana zuƙowa sau 83, wato daga milimita 24 har 2,000. P950 ta biyo baya a 2020 a kan dala 800 da zuƙowa iri ɗaya. P1000 ta 2018 ta kai 3,000, amma nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Canon SX70 tana tsayawa a 1,365, sai dai ba ta da nauyi, gram 600 da 'yan kai. Akwai kuma Panasonic FZ300, wadda zuƙowarta 600 ce kawai amma an toshe jikinta saboda ƙura da yayyafi, kuma lensinta yana shan haske sosai har ƙarshen zuƙowa.

A ma'aunin nisa babu mai kama ƙafarta a wannan kuɗi. Zalɓe a tsallaken ruwa a Dadin Kowa, mikiya a ƙololuwar busasshen itace, ƙananan tsuntsayen nan masu jan maƙogwaro da ke haƙa ramuka a gaɓar kogi a Yankari suna cafke ƙudan zuma a iska, duk za ta kawo maka su har ka ƙirga gashin fiffike, muddin suna zaune kuma akwai rana. A minti ɗaya za ka ɗauki garken giwaye gaba ɗaya, ka zuƙo ka ɗauki balbelar da ke bin ƙafarsu, ba ka canza komai ba. Kuma tunda ba a cire lensi, ba ka buɗe wa ƙura ƙofa.

Rauninta a sensa yake, wato farantin da ke karɓar haske a ciki. Tata ƙarama ce ƙwarai, ta kyamarorin DSLR da za mu zo kansu ta ninka ta wajen sau 13 a faɗi. Sakamakon haka, da haske ya ragu hoto zai fara yin tsaki-tsaki, gashin tsuntsu ya dame. Da asuba a ƙarƙashin itatuwan Wikki za ka ji haushinta. Tsuntsu mai tashi kuma sai an yi sa'a, don kafin ta saita ido ya wuce. Kada lambar 2,000 ko 3,000 ta ruɗe ka: a zafin Afrilu, abin da ke da nisan da sai da wannan zuƙowar za a kamo shi, kawalwalniya ta riga ta lalata shi. Mafi kyawun hotunanta su ne na tsuntsun da ke kusa aka zuƙo shi ya cika fuska.

Wajen juriya tana tsaka-tsaki. In ka cire FZ300, yawancinsu ba a toshe suke ba, kuma lensin da injin lantarki yake fita yana komawa. Tsakuwar yashi ɗaya in ta maƙale a wannan hanya, kyamara ta tsaya cak, kuma tunda jiki da lensi abu ɗaya ne, duka ka rasa har sai an aika Kano, Abuja ko Legas. Maganinsa sauƙi ne: a cikin mota ka lulluɓe ta da ƙyalle ko ka sa ta a jaka, sai an tsaya ka fito da ita. Batirinta ba ya jimawa, na P900 hoto 360 aka ƙiyasta masa, na P950 bai kai haka ba, don haka batir na biyu dole ne. Wajen sauƙi kuwa, wanda ya iya waya zai iya ta a yini ɗaya.

Wata dabara da ta shafi wannan da duk kyamarorin da ke tafe: a motar zagaye sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani, ba wurin kafa ta. Ka sa tela ya ɗinka maka 'yar jaka ta yadi mai kauri, kamar tsawon tafin hannu biyu, ka cika ta da wake ko gero mudu ɗaya, ka ɗaure baki. Ka ɗora ta a kan ƙarfen mota ko bakin taga, ka kwantar da lensi a kai, ya nutse ya zauna daram. Sannan ka ce, "Malam direba, don Allah a ɗan kashe mana injin." Girgizar inji tana ɓata hoto fiye da rawar hannu, kuma direbobin sun saba da wannan roƙo.

DSLR ta hannu da dogon lensi

Tun da Canon da Nikon suka karkata ga marasa madubi, masu hoto a Turai da Amurka suke ta sayar da tsofaffin kayansu, shi ya sa kasuwar na hannu ta cika da kyamarorin da a jiya su ne sarakai. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 don irin wannan aiki aka ƙera su, kowacce tana ɗaukar hoto goma a daƙiƙa. Nikon D7200 da Canon 80D ba su kai su sauri ba amma sun fi araha, kuma sun isa. Lensin da aka fi haɗa su da shi shi ne Sigma ko Tamron mai 150 zuwa 600, ko Nikon mai 200 zuwa 500. Na Sigma ya fito a kan dala 1,100 ba kaɗan, na Nikon 1,400. A kan waɗannan kyamarori, milimita 600 tana aiki kamar 900 a Nikon, 960 a Canon.

A nan ne hoto ke zama hoto. Tsuntsu ya fito tas, bayansa ya narke ya yi laushi, idonsa na ƙyalli. Da asuba tana aiki lokacin da kyamarar zuƙowa ta sallama. Shirwa ko babba-da-jaka a sama, ana iya bin su a kama. A yawancinsu batir ɗaya yana kai wajen hoto dubu, abin da ke da muhimmanci a daji inda ba a dogara da wuta. Jikinsu kuma ƙaƙƙarfa ne, an yi su don wahala.

Amma ka san abin da za ka ɗauka. Jiki da lensi sun kusa kilo uku. A mota da jakar wake ba matsala, amma ka zagaya bakin Maladumba a ƙafa daga asuba zuwa hantsi da shi a wuya, za ka gane kurenka. Koyonta ma yana cin lokaci: sai ka fahimci saurin ɗauka, ka san tsuntsu mai tashi yana son kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa, na zaune kuma ƙasa da haka ya isa, sai ka iya zaɓen inda za ta sa ido a tsakanin rassa. Watannin farko hotunanka za su iya kasa na abokinka mai P900, kuma wannan yana karya wa mutane da yawa gwiwa. Ga shi in giwa ta fito kusa da mota, lensin da ya fara daga 150 ko 200 kunne kawai zai ɗauko maka. Kada ka ce za ka canza lensi a cikin ƙurar hanya. Ciro waya ka ɗauka da ita.

Babban haɗarin wannan zaɓi shi ne saye. Kada ka tura kuɗi a kan hoton da aka turo maka a WhatsApp. Ka riƙa kayan a hannunka, ko wani amintacce da ya san kyamara ya riƙa maka. Ka nemi adadin hotunan da ta ɗauka tun da aka ƙera ta: D7200 an gwada ta a kan 150,000, D500 da 7D Mark II a kan 200,000, don haka wadda ta kusa wannan adadi tana dab da neman gyara mai tsada. Lensi kuma ka buɗe murfinsa gaba da baya, ka kunna fitilar waya ka haska ta ƙasa, ka leƙa ta sama kana juya shi a hankali. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lensi yana da ita. Amma in ka ga fari-fari mai rassa kamar saƙar gizo a jikin gilashin ciki, fumfuna ce, tana yaɗuwa, kuma tana cin fatar gilashi. Ko an rage maka rabin kuɗi ka bar shi.

Sababbin marasa madubi

Canon R7 ta fito a 2022 a kan dala 1,500 jiki kaɗai. In ka haɗa ta da lensin RF mai 100 zuwa 400, na dala 650, nauyinsu duka bai wuce kilo ɗaya da kwata ba, zuƙowa kuma ta kai kamar 640. Ƙannenta R10 da R50 sun fi araha, haka Nikon Z50II ta 2024. Abin da ya bambanta su shi ne suna gane tsuntsu ko dabba da kansu, su kama ido su riƙe shi ko yana motsi. Abin da mai DSLR ke shekara yana koyo, nan an rage masa fiye da rabi. Suna kuma iya ɗauka shiru ba ƙara, wanda ke da amfani in mazo ya fito shan ruwa kusa da kai.

Matsalarta kuɗi, sai batir da ba ya kai na DSLR, sai kuma cewa wancan lensi mara nauyi ba a toshe yake ba kuma ba ya shan haske sosai a ƙarshen zuƙowa. Gyaranta ya fi na kowacce wuya a nan kusa, kuma na hannu ba su yi yawan da farashi zai sauko ba tukuna. Kyakkyawan kaya ne, ba na musu, amma ba zan ce wa wanda bai tabbatar sha'awar za ta zauna ba ya fara da ita.

| Zaɓi | Kuɗi | Nisa | Asuba da inuwa | Ƙura da juriya | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tabarau 8x42 da waya | mafi araha | gani mai kyau, hoton shaida kawai | gani tas | mafi ƙarko | nan take | jabun kaya |
| Kyamarar zuƙowa | matsakaici | mafi tsawo | rauni | matsakaici | yini ɗaya | yashi ya maƙale lensi |
| DSLR ta hannu da dogon lensi | sama da matsakaici | 750 zuwa 960 | ƙarfi | ƙaƙƙarfa, amma nauyi | watanni | tsohon kaya mai ɓoyayyen ciwo |
| Mara madubi | mafi tsada | kamar 640, ya danganta da lensi | mai kyau | ya danganta da lensi | makonni | tsadar gyara |

Haɗarin da ba ya cikin kwali

Akwai abubuwan da mai shago ba zai faɗa maka ba. Gwaggon birin sansanin Wikki ya san jaka, ya san a cikinta ake sa abinci, kuma ba ya tambaya kafin ya fizga. Kada ka haɗa kyamara da biskit a jaka ɗaya, kada ka ajiye ta a ƙasa ka juya baya. Ƙudan tsando na son baƙi da shuɗi, don haka ka sa tufa mai ruwan ƙasa mai dogon hannu. Giwa mai ɗa ba a matsa mata don hoto, in jagora ya ce a ja baya, a ja.

A wajen gandun gwamnati kuma, girman kaya yana da nasa farashi. Mutum da dogon lensi a bakin madatsar ruwa, ko kusa da gada, ko shingen jami'an tsaro, dole a tambaye shi, kuma a halin da ake ciki suna da hujja. Ka fara neman izini wurin masu kula da wurin, ka je ka gai da mai unguwa ko sarkin ruwa, ka nuna musu hotunan tsuntsaye a kyamararka. Masunta sun fi kowa sanin inda tsuntsayen ruwa ke kwana, kuma in ka girmama su za su nuna maka. Tabarau da ƙaramar kyamara ba sa tayar da hankali kamar lensi mai tsawon kamu guda.

Abu na ƙarshe ya fi damuna. P900 tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, haka ma waya. Ungulu da a da ke cike da mahautanmu yanzu tana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen sassan jikinta. Burtu ma maharba na neman kansa. In ka sami sheƙar ɗayansu, kashe wannan alama kafin ka ɗauka, kuma kada ka rubuta sunan ƙauyen a Facebook.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi ko ɗaliba, malamin makaranta mai son fita da yara, da duk wanda burinsa ya san tsuntsaye da sunayensu: tabarau 8x42 nagari, sauran kuɗin a yi na mota. Zuwa Gubi sau goma da tabarau ya fi zuwa Yankari sau ɗaya da kyamarar bashi.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai zuwa Yankari da Sumu lokacin hutu da iyali, yana son hoton raƙumin dawa da jakin dawan nan da aka kawo daga Namibiya, yana son na tsuntsu, yana son na yara a ruwan Wikki, duk da kaya ɗaya: kyamarar zuƙowa. In bakin dam ya fi zuwa, P900 ko P950. In ƙura da inuwa sun fi damunsa, FZ300. Mafi yawan masu tambayata a nan suke, kuma ina ce musu su ƙara da tabarau ko da daga baya ne.

Wanda ya riga ya yi shekara yana kallo, ya san tsuntsayensa, yana da abin hawa da haƙurin zama wuri ɗaya awa biyu, kuma hoton da za a buga a rataye yake so: DSLR ta hannu da lensi mai kai 500 ko 600, kuma ya fi sa kuɗinsa a lensi a kan jiki. Mai ciwon wuya ko baya, ko wanda tsuntsu mai tashi ne muradinsa kuma aljihu ya yarda, ya tafi ga mara madubi da lensi mara nauyi.

Mai ɗaukar hoton biki da ya riga yana da Canon ko Nikon a jaka kuwa, kada ya sayi wata kyamara. Dogon lensi kawai zai nema wanda ya dace da bakin tasa. In ma wata rana ya koma mara madubi, akwai zoben haɗi da ke sa tsofaffin lensunan Canon da yawancin na Nikon su yi aiki a kan sababbin, don haka kuɗin lensin bai faɗi ba. Ya yi ƙoƙari kayan su iso hannunsa kafin Disamba, ya yi wata guda yana gwaji da hasbiya da hankaka a bayan gida, yadda zai shiga Yankari a Fabrairu ko Maris hannunsa ya riga ya faɗa, lokacin ciyawa ta kwanta kuma baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ba su koma ba tukuna.